Keke Mai Caji: Neman Sunan Baƙo

Akwai wani abin hawa da ya shigo gari bai zo da suna ɗaya ba. Taya biyu gare shi, da sirdi, da feda, da sarƙa, komai irin na keken da muka sani. Sai dai a jikin ƙarfensa an ɗaure batir, a cibiyar tayarsa kuma an ɓoye ɗan inji. Masu rubutu na ce masa keken lantarki. Wasu su ce keke mai batir. A bakin kasuwa an fi jin keke mai caji. Mai karanta labarai, da yake yana son komai ya fito sarai, sai ya ja ta: keke mai amfani da wutar lantarki. Akwai kuma wanda zai dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai babur ne ya ari rigar keke.

Gardamar ba ta fatar baki ba ce. Mai fita aiki kullum da safe, wanda ke auna ko ya sayi wannan ko ya ci gaba da tsohon kekensa, sunan ne zai fara gaya masa abin da yake shirin saye. A ƙasashe da dama ma sunan ne ke yanke ko sai ya yi lamba da lasisi, ko kuwa ya hau kawai ya kama hanya.

Mu fara da *keke*, domin shi ma baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Daga Yarbanci muka karɓe shi. A can *kẹ̀kẹ́* ya girmi abin hawa mai taya biyu. Suna ne na abin da ke juyawa, da ƙafar da ke gangarawa, da karusa. Ya biyo sawun ashana da agogo da amalanke, wato hanyar da kaya ke bi daga Ikko zuwa arewa, wadda ta ƙara buɗewa da layin dogo ya iso Kano a 1911.

Da kalmar ta iso ba ta ƙuntata ba. Muna da keken ɗinki, da keken rubutu, da keken shanu, da keken guragu, da ɗan keken katako da yaro ke turawa yana koyon tafiya. Keken rubutu ko taya ba shi da ita. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne akwai abin da ke motsi a jikinsa, kuma hannu ko ƙafa ko dabba ce ke motsa shi. An daɗe a haka: in an ce keke, to ƙarfin mai rai ne a bayansa.

Sai mai ƙafa uku ya zo ya ɓata lissafin. A Legas aka ce masa Keke Marwa, da sunan Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Da gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, sai ya zama Keke Napep a faɗin ƙasa. Kanawa kuwa suka kira shi A Daidaita Sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Tun daga nan keke ya fara shan fetur. A garuruwa da yawa yau, in mutum ya ce a keke ya zo, ba wanda zai duba ko ya yi gumi.

Don haka kalmar ba za ta ƙi batir ba. Matsalarta ma ita ce ba ta ƙin komai. In jarida ta ce an raba kekunan lantarki, sai ka ga hoto kafin ka san mai ƙafa biyu ake nufi ko mai uku.

Muna da kalmar da ba ta da wannan ruɗani, amma mun bar ta tana tsufa a bakin dattawa: *basukur*. Wannan *bicycle* ne na Turanci ya faɗa bakin Bahaushe. Dubi yadda aka sarrafa ƙarshenta. Harshenmu na da al'adar mai da *l* ta wutsiyar kalmar Turanci ta koma *r*: tebur, fensir, kyandir, shebur, totur. Basukur ɗan wannan gida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kuwa ta Turancin haɗin gambiza ce, rabi Latin rabi Girkanci: *bi*, biyu, da *kyklos*, da'ira. Suna ne na ƙidaya kawai. Ya ƙirga tayoyi ya tsaya, bai ce uffan a kan wanda ke juya su ba. Shi ya sa masu Turanci ba su sha wahala ba. Harafi ɗaya suka manna masa a goshi, *e-bike*, suka wuce.

Faransawa ƙafa suka duba. *Vélocipède*, shi ma daga Latin, yana nufin ƙafa mai sauri. Ya yi wa baki tsawo, aka datse shi ya zama *vélo*, wanda duk wanda ya zauna Maraɗi ko Damagaram ya ji shi a bakin masu Faransanci. Lura da inda wuƙar ta faɗa: ta cire ƙafar, ta bar saurin. Da batir ya zo, sai hukuma ta raɗa wa sabon suna mai tsawo, *vélo à assistance électrique*, keke mai taimakon lantarki. A riƙe wannan kalma ta taimako, domin a kanta dokar nahiya guda ta tsaya.

Sinawa na cewa *zixingche*, abin hawa mai tafiya da kansa. Japanawa na cewa *jitensha*, mai juyawa da kansa. Nufinsu shi ne ba doki a gaba, ba wani bawan Allah da ke ja. Amma duk wanda ya taɓa hawan tudu da keke ya san ba da kansa yake tafiya ba. Suna ne da ya yi alkawari, aka shafe shekaru kamar ɗari kafin batir ya zo ya cika shi. Mutanen Taiwan sun fi faɗin gaskiya tsirara: *jiaotache*, abin hawa da ake takawa da ƙafa.

Wasu kuma dabbar da keke ya gada suka tuna. Mu mun yi masa kirari da dokin ƙarfe. Inyamurai sun ce *ịnyịnya igwe*, dokin ƙarfe ke nan daidai. A Taiwan ma akwai masu kiransa da wannan suna, ba tare da wani ya ji daga bakin wani ba. Jamusawa ne suka rage masa girma, suka ce *Drahtesel*, jakin waya. Mu kuwa ba a kirari muka tsaya ba, kayan dokin ma mun ɗora masa: hawansa ake yi, mai shi mahayi ne, mazauninsa sirdi ne. Linzami kaɗai muka hana shi, muka ba shi birki.

*Babur* fa? A kunne sai ka ce ƙanen basukur ne, ko kwaikwayon ƙugin inji. Hanyar da ta fi gamsarwa ta Larabci ta biyo. A can akwai *babur* ko *wabur*, wanda Larabawa suka aro daga *vapore* na Italiyanci da danginsa, wato tururi. Jirgin ruwa mai tururi shi ne babur na farko. Har gobe jiragen fito na Istanbul *vapur* ake ce musu. Daga nan sunan ya hau kan jirgin ƙasa, da rishon kananzir a Masar, da injin ban ruwa a Sudan. Duk abin da ke ƙona wani abu ya yi huci, babur ne. Mu muka ɗauko shi muka ɗora wa mai taya biyu.

In haka ne, babur mai caji tururi ne da ba tururi, domin ba ya ƙona komai, ba ya huci. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke aljihunmu ma waya muke ce masa, alhali ko zare ɗaya na waya ba ya haɗa shi da kowa.

*Mashin*, wanda matasa suka fi amfani da shi yanzu, sunan kowace irin na'ura ne a Turanci, muka keɓe shi ga guda ɗaya. *Mota* ma haka: a asali injin da ke juya abu ne, muka ba wa abin hawan gaba ɗaya. Wannan ya toshe mana wata ƙofa. Ɗan injin da ke cibiyar tayar nan, sunansa na asali ke nan, amma in ka ce keke mai mota, sai a zaci keken ne ya yi arziki.

Sai rabin sunan na biyu, *lantarki*. Daga *electric* yake, wannan kowa ya ji a kunnensa. Amma *electric* daga ina? Daga *elektron* na Girkanci, sunan wani ƙaron itace da ya daɗe a ƙasa har ya taurare, launinsa kamar zuma. In ka goga shi da ulu sai ya riƙa fizgo haki da gashin tsuntsu. William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta farko, shi ya ƙera kalmar *electricus* a littafinsa na 1600 don bayyana wannan fizga. To, ga inda abin ya yi daɗi. Larabawa na ce wa lantarki *kahraba*. Daga Farisanci suka samo ta, *kah-ruba*, mai fizgar haki, kuma sunan wannan ƙaron ne dai. Harsuna biyu, hanya biyu, dutse ɗaya. Ƙarfin da ke tura ƙato da buhun shinkafa kan tudu yau, sunansa daga ɗaga haki ya faro.

Tun da mun shiga Larabci, mu ɗan zauna, domin can ne aka yi rabon da ya fi tsari. Keke *darraja* ne. Na ƙafa shi ne *darraja hawa'iyya*, ta iska, saboda iskar da ke tayarta. Babur *darraja nariyya*, ta wuta. Sabon kuma *darraja kahraba'iyya*. Iska, wuta, lantarki: uwa ɗaya, 'ya'ya uku, ba mai shiga gonar wani. Mu ba za mu iya kwafar wannan ba, domin wutarmu biyu ce a kalma ɗaya. Wadda ke murhu wuta ce, wadda ake ɗaukewa a kawo ma wuta ce. In Bahaushe ya ce keken wuta, mai caji yake nufi. In Balarabe ya faɗi haka da harshensa, babur yake nufi.

Ita *darraja* tushenta ɗaya da *daraja* tamu, wadda asalinta matakala ce, hawa taki-taki. Kuma tsofaffin ƙamusoshin Larabci, tun kafin a yi mafarkin keke, sun san *darraja* a matsayin ɗan abin nan mai ƙafafun gangarawa da yaro ke dafawa yana koyon tafiya, tsoho ma ya dogara da shi. Ba ya tafiya da kai, ba ya kuma barinka kai kaɗai. Kai ke takawa, shi yana tallafawa. Ban ga bayanin keke mai caji da ya fi wannan dacewa ba, ga shi kuwa ya riga shi zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru.

Tunanin haɗa keke da batir ba sabo ba ne. A 1885 John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a Coventry ta Ingila, mai ƙananan tayoyi biyu da sarƙa zuwa ta baya, wanda shi ne kakan duk keken da muke hawa. Sunansa ya kama baki har mutanen Polan ke kiran kowane keke *rower* zuwa yau, kamar yadda iyayenmu suka riƙa cewa Rali saboda Raleigh. Shekara goma kacal bayan haka, a 1895, wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai batir da inji a cibiyar tayar baya. Abin da ya hana shi yaɗuwa nauyin batir ne. Sai da batir ya ƙara inganci ya yi araha, sannan abin ya zama na kowa.

Da ya zama na kowa, sai hukumomi suka ga dole su ce keke ne ko babur, kuma kowace ta ja layinta a wuri dabam.

Tarayyar Turai ta kafa sharaɗi uku. Ƙarfin da injin ke riƙewa a kai a kai kada ya wuce wat 250. Kada ya tura sai mahayi na taka feda. Kuma da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, ya janye hannunsa, in kana son ƙari ka nema a cinyarka. Wanda ya cika waɗannan keke ne a idon doka: ba lamba, ba lasisi, hanyar kekuna tasa ce. Akwai wani mai kama da shi sak, feda da komai, amma taimakonsa na kaiwa kilomita 45. Wannan ƙaramin babur ne a doka. A Holan sai ya ɗaura lamba mai ruwan ɗorawa, mahayinsa ya sa hular kwano.

Don a raba su a baki ne wata Bajamushiya, Susanne Brüsch, ta ƙera kalmar *pedelec* a 1999, daga feda da lantarki da keke, ga wanda sai an taka yake taimakawa. Kalma ce mai kyau, mai faɗin abin da take nufi. 'Yan jarida da masu doka sun karɓe ta. Jama'ar titi kuwa *E-Bike* suke ce wa kowanne, har a Jamus ɗin.

Japan ce ta fi burge ni. Can kamfanin Yamaha ya fara sayar da irin wannan keke a 1993, kuma dokarsu ba ta tsaya kan ƙarfin injin shi kaɗai ba, sai ta auna shi da ƙarfin mutum. In gudu bai kai kilomita 10 a awa ba, injin na iya ba da har ninki biyu na abin da ƙafa ta bayar. Daga nan rabonsa ya yi ta raguwa, a kilomita 24 ya ƙare. Ka ba da ɗaya, a ƙara maka biyu. Ka ba da sifili, ninkin sifili sifili ne.

Amurka ta fi sakin hannu. Dokar tarayya ta 2002 ta yarda da inji ƙasa da wat 750 da gudun mil 20 a awa, kimanin kilomita 32, ko da ƙafa ba ta motsa ba, muddin dai fedar na aiki. Jihohi da yawa sun bi tsarin aji uku da Kalifoniya ta zartar a 2015, kuma aji na biyu totur gare shi: ka danna ko ka murɗa, ka tafi. Wat 750 ɗin nan ba a banza aka zaɓe shi ba. Ma'aunin da James Watt ya kira ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Wato dokin ƙarfen Amurka doki guda ne cur, na Turai kashi ɗaya cikin uku na doki. Mutum mai matsakaicin ƙarfi kuwa, abin da ƙafarsa ke iya riƙewa na tsawon tafiya wat 100 ne ko kusa da haka. Ka ga ko na Turan ya fi mahayinsa ƙarfi ninki biyu da rabi.

A Sin ne aka fi kowa yawansu, sun haura miliyan 300. Ƙa'idar da ƙasar ta kafa a 2018 ta ce a lokacin kada gudu ya wuce kilomita 25, nauyi da batir kada ya wuce kilo 55, kuma a sa feda. Aka sa. Amma galibinsu a tituna totur ake murɗawa, fedar na rataye ba mai taka ta. Bakin jama'a ya gane haka kafin doka: sunan hukuma *diandong zixingche* ne, keke mai motsin lantarki, su kuwa suka yar da keken suka ce *diandongche*, abin hawan lantarki.

An taɓa ganin irin wannan. A 1952 aka ƙera kalmar *moped* a Suwidin, daga inji da feda, ga ƙaramin babur da ake iya takawa. Sannu a hankali fedar ta faɗi, sunan ya zauna da ita a cikinsa. A iyakar Yuganda da Kenya, masu ɗaukar fasinja a kariyar keke daga wannan shinge zuwa wancan su aka fara kira *boda-boda*. Yau in an faɗi kalmar, ɗan acaɓa a kan mashin ake gani. Suna yakan zauna bayan ƙafa ta sauka.

Wannan ya iso ƙofarmu. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar abin hawa mai caji ta yawaita. Kamfanoni irin su Spiro da Ampersand na zuba babura masu batir ga 'yan acaɓa a Kwatano da Kigali da wasu biranen, inda ake shiga tasha a ajiye batirin da ya ƙare a ɗauki cikakke. Jaridun Turanci kan ce musu *e-bike*, mai fassara ya ɗauko ya ce keken lantarki. Kuskure ne, kuma ya kamata a daina. Abin da ba shi da feda ba keken hawa ba ne, ko da me yake tafiya. Mashin ne mai caji.

Me ya sa na kafe a kan feda? Saboda aikatau. A Hausa keke tuƙa shi ake yi, kuma *tuƙi* kalma ce mai gumi. Ana tuƙa tuwo da muciya. Ana tuƙa kwalekwale da filafili. Aiki ne na juya abu mai nauyi da ƙarfin jiki, a sake juyawa, a sake. Daga baya muka ara wa direba, wanda ke juya sitiyari yana zaune, har kalmar ta saba da hutu. A kan keke ne take nan da ma'anarta ta farko. Mai mashin yana ba shi wuta ne, yana murɗa totur. Mai keke yana taka feda. To a tambayi abin hawan: in aka daina takawa, me zai faru? In ya ci gaba da turawa, babur ne, komai siririn jikinsa. In ya saki, keke ne.

Kuma bambancin ba na nahawu kaɗai ba ne, yana jikin mai zuwa aiki. Wanda ke kan mai taimako yana motsa jini, numfashinsa na ɗan hawa, sai dai tudu da iskar gaba da tashi daga danja ba sa karya shi. Ya isa ofis rigarsa ba ta jiƙe ba, kuma tafiyar kilomita 15 da da zai ce ta yi nisa ta zama mai yiwuwa kullum. Dattijo mai ciwon gwiwa ya dawo kan sirdi. Uwa ta goya yara biyu ta hau gangare. Wanda ke kan mai totur kuwa ya sami sufuri mai araha, amma motsa jikinsa bai fi na fasinja ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi ban sha'awa. In sabon ya yawaita, me za a kira tsohon? A Jamus, a 2023, masu batir da aka sayar sun kai kimanin miliyan 2.1, marasa batir miliyan 1.9, karo na farko ke nan da baƙo ya fi ɗan gida yawa. Nan take tsohon ya buƙaci laƙabi. Faransawa suka ce *vélo musculaire*, keken tsoka. Italiyawa ma haka. Jamusawa na cewa *Biobike*, keken mai rai. Masu Turanci na tsokana da *acoustic bike*, suna aro daga garayar Turawa wadda ba a jona ta da wuta. Shekara fiye da ɗari yana keke kawai, rana ɗaya aka ce ya faɗi wane iri ne.

Mun san wannan a gida. *Jirgi* da na ruwa ne kaɗai, ba ya neman ƙarin bayani. Na ƙasa ya zo, na sama ya zo, dole ya zama jirgin ruwa. Yau in wani ya ce jirgi zai bi zuwa Abuja, ba mai tunanin kogi. *Mai* ma haka: in aka ce mai ya yi tsada ba tare da ƙari ba, fetur ake nufi, na gyaɗa da na shanu sai sun gabatar da kansu.

Ba sai mun je nesa neman laƙabin ba, teloli sun riga sun yi mana aikin. A shagonsu akwai keken hannu, akwai keken ƙafa, akwai na wuta. Kuma da yawansu keken ƙafar ne suke ɗaura wa ɗan inji a gefe: in akwai wuta ya yi ta zuba, in an ɗauke a mai da bel a koma takawa, ɗinkin sallah bai tsaya ba. Wannan shi ne keke mai taimako a zaune. Don haka *keken ƙafa* ya ishe mu ga tsohon. Gajere ne, namu ne, kuma ya fi keken tsoka daɗin faɗi.

Ga sabon kuwa, tsakanin lantarki da batir da caji, ina bayan caji. *Keken lantarki* ya faɗi abin da ke gudana a cikin waya, abin da mahayi ba ya gani. *Mai batir* ya faɗi wani sashe na jikinsa, amma tocila ma mai batir ce. *Mai caji* ya faɗi abin da mai shi zai riƙa yi duk dare, kuma nan ne rayuwarsa ta bambanta da ta mai keken ƙafa. Batir matsakaici na ɗaukar kamar rabin yunit na mita. Yana son awa uku zuwa shida a jone. Zai kai ka kilomita 40 zuwa 80, gwargwadon nauyinka da tudun hanya da yawan taimakon da ka nema. Kuɗin wutar ba komai ba ne in aka gwada da litar fetur. Samun wutar awa biyar a jere shi ne magana, sai in akwai sola a gida ko a wurin aiki.

Sunan ya kuma tuna wa mai saye cewa caji na ƙarewa, batir na tsufa. Bayan 'yan shekaru ƙarfinsa zai ragu, sabo kuma na cin kaso mai tsoka na kuɗin keken. Zafi na cin ransa, saboda haka ba a barinsa a rana tsaka a watan Afrilu. Caja marar kyau na iya tayar da gobarar da ruwan bokiti ba ya kashewa. Birnin New York sai da ya kafa doka a 2023 ta hana sayar da waɗanda ba a tantance ingancinsu ba. In kuma cajin ya ƙare a hanya, keken na nan, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 28 ne, inda na ƙafa bai cika wuce 15 ba. Mai zama a bene ya auna wannan tun kafin ya biya. Wanda aikinsa ke kilomita uku ko huɗu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, keken ƙafa ya fi masa: araha, sauƙin ɗauka, ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke, ɓarawo ma bai cika ƙyalla ido a kansa ba.

Akwai mutum ɗaya da har yanzu ba a raɗa wa suna ba, wato mai gyaransa. Mai gyaran keke na gindin bishiya ya san faci da bawul da birki da madigadi, zai ɗaure sarƙa ya miƙe gargaren da ya karkace, kuma duk waɗannan suna jikin mai caji. Amma in abin ya ƙi turawa, laifin na iya kasancewa a batir, ko a ɗan akwatin da ke raba wa injin wuta, ko a na'urar da ke jin an taka feda. Makanikin mashin kafireto da filogi ya sani, ga shi babu ko ɗaya. Aikin ya fi kusa da na mai gyaran wutar mota ko mai gyaran inbata. Kafin mutum ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya fara tambaya a unguwarsu ko akwai wanda ke riƙe sifana da abin gwada wuta a akwati ɗaya, kuma ina ake samun batirin irin wannan keken in nasa ya mutu.